Akushin Tasalla

Ranar da muka tare a sabon gida, bayan Ƙofar Ƙaura,
falo fari fat kamar an ɓare ƙwai,
ƙafa na santsi a tayil, murya na dawo wa mai ita.
Garzali ya tsaya tsakiya, hannu a ƙugu,
ya ce, "Barira, nan sai kayan zamani."
Na ce to.
To ba ta taɓa hana ni abin da na nufa ba.

Aka shigo da kujeru ruwan toka,
da fitila mai lilo, ƙwai goma sha biyu,
da furen roba da bai san ƙishirwa ba,
da talabijin mai faɗin ƙofar zaure.
Komai na ƙyalli,
amma duk cikinsu babu wanda ya san sunana na yarinta.

Daren Laraba na buɗe adakar Tasalla.
Ƙamshin kanumfari da tsohon zane ya taso
kamar ita ce ta yi gyaran murya.
Ga akushinta, baƙi wuluk,
man shanun shekara sittin ya shige jikinsa,
ga tsagar gefe da gyartai ya ɗinke,
ɗinki bakwai, na ƙirga.
Ga tasa uku, ɗaya a lotse
tun ranar da akuya ta faɗa ɗaki ta ture jere.
Ga faifai, jan ya koɗe, baƙin ya ƙi.
Can ƙasa rediyon Baba mai rigar fata,
wanda ya saya shekarar da fam ya ba naira wuri.
Ya yi shiru tuntuni. Shi ma Baba haka.

Toka da lemun tsami na sa wa tasoshin
har yatsuna suka yi zafi.
Na jera su a kan kanta, mai lotsawar a gaba,
na kunna fitila:
ƙwai goma sha biyu suka sauko cikinsu suka zauna,
kowace tasa da nata taurarin.
Faifai na kafa a bango, ya ɗan karkace, na bar shi.
Rediyo kusa da talabijin, tsoho da jikansa mai surutu.
Akushi kuwa tsakiyar teburin gilas,
ya yi zaman mai gida.

Da safe Garzali ya ce, "Gidan tarihi muka buɗe?"
Ban tanka ba.
Da yamma ya dawo daga aiki,
ya jefa makullin mota cikin akushin, ƙwal.
Washegari ma haka.

Hajiya Dudu ta zo ganin gida, ta shafa, ta juya shi,
ta ce, "Wannan daga Dubai kika yo odarsa?"
Na ce, daga Unguwar Alƙali,
ƙofa ta uku in kin wuce rijiya.

Sawwama ce ta ɓata mini tsari.
Shekararta biyar, ta leƙa ciki ta ce,
"Mama, me ya sa kwanon nan kullum yake azumi?"

Ran Juma'a na kwashe makulli da cajar waya,
na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa kuka da daddawa,
na zuba a inda ya saba zama.
Muka bar kujeru da tokarsu, muka sauko ƙasa,
hannu uku, akushi ɗaya,
tururi na hawa yana dusashe gilas.
Garzali ya suɗe yatsa, ya dubi ɗinkin gyartai,
ya ce, "Bai yoyo ba."

Na wanke shi, na shafa masa mai, na mayar kan tebur.
Furen roba yana ɗakin ajiya har yanzu.
Ba wanda ya tambaye shi.